Sannu-Sannu da Ƙyallin Ƙarya

Shekara talatin da ɗaya Sannu-Sannu ya yi yana tuƙa bas a cikin gari. Fasinjoji ne suka raɗa masa sunan, don ko mai keke sai ya wuce shi, ya waiwayo ya gaishe shi. Da ya ajiye aiki, matarsa ta ɗauka ta samu abokin hira. Ina! Sai ga tsoho, gemu fari fat, ya shigo da kwali a hammata cike da gutsattsarin roba, wai ƙananan motoci ne da ake haɗawa da gam. Ya ƙwace teburin ɗinkinta, ya ɗora tabarau a karan hanci, shi ke nan an yi makanike.

Ya haɗa uku ya jera a kan talabijin. Ta huɗun ce ta hana shi sakat, don irin bas ɗinsa ce sak. Tsohon kwandastansa, Matsa-Ciki, zai koma wajen ɗiyarsa a gari mai nisa ranar Asabar, ƙafa ta ƙi, da wuya a sake haɗuwa. Sannu-Sannu ya rantse sai ya danƙa masa bas ɗin nan a hannu kafin ya tafi.

To, bamba da fitilu da madubai duk sun zo da wani shafe mai walƙiya kamar azurfa. Gam ba ya kama shi, fenti ba ya zama a kansa.

"Motata ba ta taɓa ƙyalli haka ba, ko ranar da ta fito daga kamfani," in ji shi. "Wannan ai ƙarya ce."

Mai shagon da ya sayar masa ya ce abu ne mai sauƙi: ya jiƙa su cikin bilic na wanki, ya buɗe taga, ya ba su rabin awa, ya goge da tsohon buroshin haƙori.

Alhamis da hantsi ya ɗauki farin kwanon matarsa, bai tambaya ba, ya jiƙa kayan ya ajiye a kicin, ya tafi aski. Wanzami kuwa bakinsa ya fi almakashinsa aiki. Kafin a gama, bilic ya cinye ƙyallin tas, robar ta koma fara kamar kwanon. Matar ta shigo, wari ya dake ta, ta leƙa ba ta ga komai ba, ta juye a wurin wanke-wanke, ta sake famfo a kai.

Ya dawo da kai sumul, ya tarar da kwano a kife.

"Uwar yara, ina bambata?"

"Bambarka ta ina? Ruwan wari na gani a kwanona."

"Suna ciki! Na cire musu ƙyalli ne!"

"Ka cire musu abin da ido ke gani, sannan ka ce ido ya gan su? Malam, ni ba boka ba ce."

Ya zauna a kan bokiti. Mutumin da ya san cikin inji kamar cikin aljihunsa, ya kasa riƙe sifana. Ita ta ture shi, ta karɓe bokitin, ta ɗaure zani, ta durƙusa ta kwance gwiwar bututun da ke ƙasa. Abin da ya fito ba na faɗa ba ne. Ta tace da rariya: ga bamba, ba ta fi tsinken ashana ba, ga fitilu biyu, ga madubi ɗaya, ga ɗan kunnen da ta zargi ƙanwarta da shi tun bara. Madubin hagu dai ya yi gaba.

"Ba zan kai masa mota mai kunne ɗaya ba," ya ce.

"Kai haƙoranka nawa suka rage, na daina fita da kai? Tashi ka yi fenti."

Juma'a ya wuni yana shafa musu fenti ruwan toka, ya ɗiga launin tsatsa a gefen bamba da bakin tsinke. Asabar suka iske Matsa-Ciki a ƙofar gida, zaune cikin akwatuna. Ya karɓi bas ya juya ta, ya juya. Can sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Haba Oga! Shekara ashirin ba ka yafe mini madubin nan ba? Na ce maka ka taho, ka taho, ban ga falwayar ba!"

Sannu-Sannu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, matar ta taka masa ƙafa.

"Da gangan ya cire," ta ce. "Kwana biyu yana aikin cirewar."

Matsa-Ciki bai yarda an sa ta a akwati ba. A cinya ya riƙe ta har mota ta tashi.