Ɗanyen Dabino a Hannun Kawu

Tun kafin a haife ni Kawu yake sayar da dabino, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yaba dabinon wani ba. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifiyata, saboda haka na san halinsa ciki da waje. Mutum ne mai tsabtar sana'a da taurin kai, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Busasshe yake sayarwa, mai yamutsattsiyar fata, wanda in ka girgiza shi a tafin hannu za ka ji yana ƙara. Kowace safiya kafin ya buɗe rumfa sai ya juye buhu a tabarma, ya bi dabinon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya latsa ya ji laushi ko danshi, gefe yake wurga shi. A wurin Kawu laushi ruɓa ce, ba a ja masa magana a kan wannan. Abin da ya tsince kuwa, tsohon daron awakin gida yake zuba wa.

Ɗansa namiji ɗaya ne, muna ce masa Yaya Dogo. Kawu ya so ya gaji rumfa, shi kuma ya ce ya gaji da zaman jiran mai saye, so yake ya ga inda dabino ke fitowa. Ya sami aiki a wata gonar dabino mai nisa. Ranar da zai tafi, Kawu ko kai bai ɗaga daga tabarma ba.

"In ka tafi, ka tafi," abin da ya ce ke nan.

Shekaru suka shuɗe ba su yi magana ba. Inna, matar Kawu, ita ke waya da ɗanta a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Yaya ya yi aure a can, ya haifi 'ya mace, kakanta bai taɓa ganin ta ba.

Wata rana wani direban babbar mota ya sauke mana kwali a ƙofar gida. Ya ce daga Yaya, 'ya'yan fari ne na bishiyar da ya dasa da hannunsa, kuma Yayan ma yana nan tafe da iyalinsa in an gama girbi. Inna ta buɗe, muka tsaya cirko-cirko. Wasu 'ya'yan itace ne rawaya shar, sumul-sumul, a jere jikin siraran rassa. Duk zamanmu cikin dabino, babu wanda ya taɓa ganin ɗanyensa a gidan nan.

Na tsinki ɗaya na gatsa. Garas-garas yake kamar rake, da ruwa a ciki, zaƙinsa kaɗan, ga wani bauri da ya kama mini harshe. Ban gama taunawa ba Kawu ya shigo. Ya dubi kwalin ya daɗe, sannan ya ɗauke shi ya shige ɗakin da yake ajiye buhuna, ya kulle, ya jefa mabuɗi a aljihu. Ko "madalla" bai ce ba.

Washegari ina shara na leƙa daron awaki. Dabinon Yaya ne a ciki, wasu sun yi ruwan ƙasa daga baki, wasu rabinsu ya yi duhu. Kashegari ma haka, har ya fi na jiya yawa. Kullum da safe Kawu zai shiga ɗakin buhuna ya rufo ƙofa, ya fito fuska a murtuke da wani abu a ƙoƙo, ya nufi turken awaki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya dasa bishiya, ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru, ya aiko maka da 'ya'yanta na fari, kai kuma ka rasa wanda za ka ba sai akuya? Na sami Inna a kicin.

"Inna, ki yi masa magana mana. Wannan ai wulaƙanci ne."

"Rufa mini asiri, 'yar nan. In na buɗe baki ya ce kada yaron ya tako gidan fa?"

In Yaya ya kira ya tambaya ko Baba ya ɗanɗana, sai ta ce, "Yana nan yana lallaɓa shi," ta yi sauri ta sako zancen jika. Tana ajiye waya ta share ido da bakin zane. Gidan ya yi tsit. Kawu ya rage cin abinci, yana yi wa kowa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Awaki kaɗai ke cikin walwala, da sun ji motsin mabuɗi sai su hau kuka.

Yaya bai faɗi ranar zuwansa ba. Da hantsi muka ji sallama, sai ga shi ya shigo, ya yi baƙi ya faɗaɗa, matarsa a bayansa, 'yarsa a kafaɗa. Inna ta saki ludayi ta ruga. Daidai lokacin Kawu yana tsaye a turke, ƙoƙo a hannu, ya riga ya juye rabi a daro.

Yaya ya sauke yarinyar a hankali. Ya dubi daron, ya dubi akuyar da ke lashe baki, ya dubi ubansa.

"Baba, ina kwana," ya ce, bai durƙusa ba. Ya juya ga matarsa. "Kada ki sauke jaka. Motar ba ta yi nisa ba."

"Don Allah, ɗan nan!" Inna ta riƙe masa riga.

"Inna, sake ni. Da ya mayar mini da kwalin ma da ya fi mini sauƙi."

Kawu ya ajiye ƙoƙon a ƙasa ya wuce ɗakin buhuna. Na ce a raina shi ke nan, ya shige ya bar mu da kuka. Yaya ya kama hannun 'yarsa, har ya kai bakin zaure, sai muka ji muryar Kawu, wata iri, kamar ba tasa ba.

"Tsaya."

Farantin da ake fito wa baƙi da shi ne a hannunsa, an lulluɓe da farin ƙyalle. Ya yaye. Reshe ɗaya ne tal, da 'yan rawaya da ba su cika tafin hannu ba, an goge su suna ƙyalli.

"Iyakar abin da na iya tsirarwa ke nan," in ji Kawu. "Na shimfiɗa shi a inuwa, na buɗe taga, na raba rassan don kada su taɓa juna. Kullum in na tsince ruɓaɓɓun, gobe in tarar wasu sun kama. Ko ɗaya ban ci ba, na ce sai ka zo. Ban iya ajiye shi ba, ka yi haƙuri."

Ban taɓa jin Kawu ya ba wani haƙuri ba. Yaya ya dawo, ya tsuguna gaban ƙoƙon da ke ƙasa, ya ɗauki guda ɗaya da ya yi ruwan ƙasa gaba ɗaya, ya yi luɓus har fatarsa na saɓulewa.

"Baba, wannan ba ruɓa ba ce. Nuna ce. Da gangan na yanko shi da rawayarsa don ya jure hanya, ya zo ya nuna a hannunka."

Ya zare ƙwallon, ya miƙa masa dabinon. Kawu ya karɓa yana kallon abin kamar za a ba shi magani. Ya sa a baki. Babu abin taunawa, narkewa ya yi. Ni ma na ɗauki ɗaya, zaƙi mai sanyi kamar zuma ya cika mini baki, baurin nan ya tafi sam.

Kawu ya juya ya dubi awakin, ya daɗe yana duban su. Sai ya zauna daɓas a ƙasa da rigarsa ta kasuwa, ya rufe fuska da hannu. Yarinyar ta saki zanen uwarta ta matso tana leƙen wannan tsoho da ke kuka. Ya jawo ta jikinsa, ya laluba ƙoƙon ya zaɓo mata mafi laushi.

"Bishiyar," ya ce, bai ɗago ba, "za ta sake yi baɗi?"

"Za ta yi, Baba, in Allah ya yarda."

"To ka zo ka ɗauke ni. Ina so in ga dabinon a samanta."