Jan Haske a Kumatun Asunta

A littafin ƙungiyar direbobin hanyar El Alto zuwa Patacamaya, mota mai lamba goma sha huɗu ta wani dattijo ce da ake kira Don Fermín Tarqui. Shekara ashirin da bakwai yana bin wannan hanya, sau uku kacal aka rubuta masa latti. Ƙarfe shida da rabi yake tashi. Matarsa Asunta ce ke tsayawa bakin ƙofar motar tana kiran fasinja, da muryar da ake jiyowa daga ƙarshen tasha. Shi ba mai magana ba ne. Direbobi kan ce ya ba matarsa ajiyar bakinsa.

A watan Fabrairu ta rasu, aka binne ta a Umala, ƙauyen iyayenta. 'Yarsu tilo tana ɗinki a São Paulo, ta zo ta yi kwana tara ta koma. Kowane direba a tashar yana da abin da ya rataya a gabansa, wani hoton waliyyi, wani takalmin jariri. Fermín ya ɗauki ɗan hoton Asunta sanye da hularta, ya maƙala shi a gilashin mitoci, ƙasa ta hagu, inda idonsa ke yawan sauka. Bai ɗauki wani mai kiran fasinja ba. Sunan garin ya rubuta a kwali ya jingina.

Tsakiyar Oktoba ya fara ganin abin. In ya tsaya inji na aiki a hankali, sai kumatun Asunta a hoton su yi ja-ja, kamar da, in sanyin safiya ya buge ta. In ya taka mai, sai jan ya ɓace. Bai gaya wa kowa ba. Ya shiga ba ta labari ƙasa-ƙasa: ciwon gwiwarsa, wanda ya sayar da mota, dankalin bana. A kwanakin ne hon ya dishe, fitilu suka yi sanyi, da safe sai motar ta yi nishi kafin ta tashi. Ya ce tsufa ne, ya koma ajiye ta a gangare. Ƙarshen wata jan ya daina ɓacewa, shi kuma ya ɗauka don ranar zuwan matattu ta matso ne.

Matattu kan iso da tsakar rana ran ɗaya ga Nuwamba, su tafi da tsakar rana washegari. Wanda bai shekara da mutuwa ba, dole nasa su je kabari su sallame shi da guzuri, in ba haka ba ya koma da yunwa. Fermín ya shirya mata tebur a gida: burodi mai siffar jariri, rake, lemo, da miyar gyaɗar da take so. Ya zauna gefe shi kaɗai har miyar ta huce.

Washegari ya loda kayan, ya tashi takwas saura kwata. Ƙarfe goma saura biyar, a bakin Patacamaya, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Saura kilomita ashirin da 'yan kai zuwa Umala.

Wasu mutum biyu suka taya shi turi har ƙofar Zenobio Huallpa, mai gyaran wutar mota. Shago a rufe, mai shago kuma ya fito cikin baƙar kwat, zai tafi kabarin mahaifiyarsa.

"Haba tsoho!" in ji Zenobio. "Yau kowa na kai wa gawa abinci, kai kuma ka turo mini gawa har ƙofa?"

"Maestro," in ji Fermín, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a, "Asunta ce. Sha biyu za ta tafi."

Zenobio ya dubi kwandon burodin a kujerar gaba. Ya tuɓe kwat ya rataya a madubi. Ya girgiza kawunan batir, suna nan daram. Ya danna fambel da babban yatsa, bai saki ba. Ya ɗora ma'aunin wuta a kan batir, sha ɗaya da ɗan kaɗan, bai kai kima ba. Sai ya jawo waya daga a-kori-kurarsa suka tada injin, ya zare wayar.

"Taka mai. Ƙara. Kai, taka mana, ba ƙwai ba ne!"

Allurar ma'aunin ba ta motsa ba.

"Batir ɗinka ba shi da laifi, yunwa ce ta kashe shi. Altaneta ta daina ba shi wuta, ana ta ɗiba ba a zubawa. Fitilar batir ba ta kama maka ba?"

"Ban ga wata fitila ba."

"Shekara ashirin da bakwai kana tuƙi, ko dai jaki kake hawa ban sani ba?"

Ya zuro kai ta taga yana dube-dube. Ya sa farce ya ɗaga gefen hoton. A ƙarƙashi ga fitilar batir ɗin, ja wur, daidai wurin kumatun.

Zenobio ya dubi fuskar Fermín. Ya mayar da gefen hoton a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tsakiyar Oktoba."

"Burushin cikinta ne ya cinye. Aikin awa biyu ne, ba ka da su." Ya kwance batir ɗin motarsa ya ɗaura wa Fermín. "Wannan cike yake. Ban da rediyo, ban da fitila, kada ka kashe inji a hanya. Zai kai ka. Ka gaishe ta, ka ce ni ne wanda take wa laƙabi da ɓarawon waya."

Fermín ya kama hanyar ƙasa. Jan na nan a kumatunta. Yanzu ya san ko mene ne, amma bai fasa ba ta labari ba har ya hango katangar maƙabarta. Sha biyu saura minti goma sha biyu ya shimfiɗa zane a kan kabarin, ya jera burodi da lemo. Wasu tsofaffi biyu masu yawon addu'a suka yi mata, ya ba su rake. Da aka kaɗa ƙararrawar coci ya cire hula.

Ran huɗu ga wata aka gyara altaneta. Zenobio ya ce a matsar da hoton, Fermín ya ƙi. Ya ce ai yanzu in ta yi ja ya san hanyar shago.

Fitilar batir dai a kowace mota takan kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. Tun daga ranar, Fermín kan murɗa makulli rabi ya dakata, yana magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ƙarasa. A littafin ƙungiya mota ta goma sha huɗu tana tashi shida da minti talatin da ɗaya. Ba a rubuta masa latti.