Saƙonnin da Rautarmu Ta Riƙe Kwana Biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe labarin ya iske ni: Injiniya Lawali ya rasu tun shekaranjiya a hanyar Maraɗi, har an yi jana'izarsa a can.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai haɗa wa gidajen unguwarmu intanet a nan Jibiya. Muna gab da boda, sabis ɗinmu ba ya shiga ɗaki, waya sai ta yi ta laluben layin Nijar. Shi ya kafa mana eriya a kan rufi, ya jawo kebul har cikin rauta, na'urar da ke raba intanet a gida.

Ni na naɗa shi Babban Hafsan Kebul na Jibiya da Kewaye. Shi kuma Farfesa yake ce mini, saboda yawan surutuna.

Bai taɓa fara zargin na'ura ba. Durƙusawa yake yi ya bi kebul da yatsa, daga bango har ramin da ya shiga. Ran da ɗan harshen kan kebul ɗinmu ya karye, tsinken ashana ya cusa ya tokare shi, ya ƙi karɓar ko shayi.

Shekaranjiya da hantsi na gan shi a tasha yana shiga motar Maraɗi. Na shigar da ƙara cewa fitilar rautarmu ta koma ja.

Ya ce, "Farfesa, ka dai kashe ka kunna?"

Na ce sau bakwai, cikin girmamawa.

Ya yi dariya. "To bar ta. In na komo da la'asar sai in biyo."

Ina isa gida zazzaɓi ya kwantar da ni. Bai zo ba. Ina kwance na dinga rubuta masa takardun koke a waya, ko da yake na ga babu wanda ke tafiya, duk suna tsaye da alamar agogo. Ta ƙarshensu ta ce: "Mai girma Hafsa, al'ummar gidan nan ta kwana biyu cikin duhun jahiliyya. Idan rasuwa ka yi, a sanar da mu a hukumance."

Yau da na ji sauƙi na durƙusa na bi kebul da yatsa. Tsinken yana ƙasan tebur, shara ta ture shi. Na mayar. Fitila ta koma kore.

Abu na farko da ya shigo wayata saƙon muryarsa ne, da ƙugin mota a bayanta: "Farfesa, na tuna. Duba ƙasan tebur, ashanar nan ce ta faɗi. Ka gani ko?"

A lokacin ina durƙushe a ƙasan teburin.

Na biyu sanarwar rasuwarsa ce daga wani abokinmu. Kafin in gama karantawa, koke-kokena duka sun tafi. Na kai hannu in goge, sai na ga alamar ta rikiɗe shuɗiya. An karanta.

A ƙarƙashin sunansa aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Sau uku, kuma har yanzu babu abin da ya shigo.

Ban san wanda ke riƙe da wayar ba, ko matarsa ko mahaifiyarsa. Ko wace ce, ba ta san wasan da ke tsakaninmu ba, abin da na rubuta kawai ta gani. Yanzu haka ina tasha, zan tsallaka in yi ta'aziyya, in nemi gafara da bakina. Ban shirya jawabi ba.

Allah ya jiƙan Lawali, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini su yarda su saurare ni.