Littafina a Teburin Mai Balangu

Jama'a, yau na ga littafina ya fito, amma a wurin mai balangu!

Na dawo daga garin Mamudo, na tsaya tasha sayen nama. Malam Buba mai balangu ya naɗe min a takarda. Ina buɗewa sai na ga rubutun hannuna! Labarin da na kai wa Alhaji Gambo mai ɗab'i tun kafin azumi ne, kuma ba ni da wani kwafin!

Na ce, "Malam Buba, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Shagon Alhaji. Buhu guda ya ba ni da suka yi shara."

Nan take na hau Keke Napep sai shagon Alhaji Gambo. Na ajiye masa takardar, duk mai da yaji.

Ko kunya babu, ya ce, "Haba Malama, ba so kike jama'a su karanta ba?"

Wallahi sai da aka riƙe ni!

Don Allah duk wanda ya ci balangu a tasha makon nan, kada ya yar da takardar. Babin ƙarshe nake nema.