Makarantar da ake tashi idan shayi ya huce

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Idrisu, ƙanen mahaifiyata, kuma har yau idan aka miƙo mini shayi mai zafi sai in gyara zama, ina jiran a jefo mini tambaya. Ina da shekara goma sha biyu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi bai tashi ba. Ya bar matarsa, Inna Sakina, da ɗansu Usman, wanda a lokacin ko magana bai gama iyawa ba. Usman ya girma bai san kowane irin mutum ne ubansa ba, domin tun ranar da aka kai Kawu makwancinsa ba a ambaton sunansa a gaban Inna. Wannan abu ya daɗe yana damuna, kuma abin da ya faru a kansa makon jiya ne ya sa na kasa riƙe bakina har na ɗauki biro.

Kawu malamin firamare ne a birnin Umdurman, a ƙetaren kogin Nilu. Kullum da sassafe yakan bar gidanmu na unguwar Alsahafa, ya rataya a ƙofar bas, ya ƙetare gada. A shekarun da aka yi ta sallamar ma'aikata bayan sojoji sun karɓi mulki, wata rana ya dawo gida tun kafin azahar, daga nan bai sake shiga aji ba. Wani abokinsa ya ɗauke shi tsaron shagon kayan gyaran mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai da masana'antu. Mu yaran gidan har mun ɗan yi murna a ɓoye, muna ganin an rage mana malami ɗaya a duniya. Ashe a kanmu abin zai ƙare.

Bayan la'asar, idan ya dawo ya wanke baƙin mai daga hannunsa, sai ya zauna a kan angarib, gadon igiyar nan da ke tsakar gida, Inna ta kawo masa shayi a kofin gilashi. Shayin Inna kuwa ba na mai gaggawa ba ne, ni shaida ce an taɓa sa cokali a ciki ya fito a lanƙwashe. Sai Kawu ya ajiye kofin a ƙasa ya ce kafin ya huce bari mu ɗan duba wani abu. Dokar makarantar ke nan gaba ɗayanta. Yakan taɓa kofin da bayan yatsa jefi-jefi, da zarar ya ji zai shawu sai ya ɗauka ya kurɓa, an tashi ke nan. Ko kana tsakiyar magana, ko saura ƙiris ka gano, ba a ƙara maka komai. Kuma ba ya faɗin amsa. Sai dai ka tafi da abin yana yi maka ƙaiƙayi a ka.

Ba ka taɓa sanin fannin da zai ɗauko. Wata rana ya ba mu sanda ɗaya ya ce mu auna tsawon darbejiyar gidanmu ba tare da kowa ya hau ba, ya nuna mana inuwarta da haɓa. Da aka gama lissafi, nawa ya nuna akuyar kakarmu ta fi bishiyar tsawo, na yayana Sadik kuwa ya nuna ta wuce hasumiyar masallacin Juma'a. Wata rana ya jera mu a tsakar gida, kowa ya zama gari, daga Kano zuwa Maiduguri, Abeshe, Fashir, har Umdurman. Sai ya roƙi kakarmu, wadda muke kira Haboba, ta riƙa ratsa mu da sandarta tana faɗin abin da iyayenta suka gani a kowane zango lokacin da suka taho aikin hajji a ƙafa, ita tana goye. Ni ce Abeshe, inda jakinsu ya mutu. Wata guda cur yaran layinmu suna kirana mataccen jaki, amma har gobe idan aka shimfiɗa taswira a aji nakan gane hanyar ko da ido ɗaya. Akwai kuma ranar da ya ce kowa ya yi hira da Hausa zalla har shayi ya huce, wanda Larabci ya kufce masa ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kafin a je ko'ina tsakar gida ta koma kamar bakin tafki lokacin shamuwa, har da shi kansa malamin, wanda ya ce mana yalla mu yi sauri.

Wanda ya fi girgiza unguwa shi ne na kogunan nan biyu. Wata Juma'a ya kai mu inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, muka ɗebo kowanne a kwalbarsa. A hanyar dawowa wani soja da ke gadin gada ya tsayar da mu, ya karɓi kwalaben ya shinshina, ya tambayi abin da ke ciki. Kawu ya gaya masa, sannan cikin ladabi ya roƙe shi ya canka wanne ne wanne. Bawan Allah ya ɗaga su sama yana juyawa, ya kira abokin aikinsa, suka shiga musu sosai, motoci na ta wucewa ba mai duba su. Da muka iso gida aka ajiye kwalaben a kan katanga, washegari laka ta kwanta a gindin ɗaya kamar kunu, ɗayar kuwa kaɗan. Tambayar Kawu ita ce, idan kai manomi ne wanne za ka so ya shiga gonarka. Kafin mu gama faɗa a kai ya kurɓi shayinsa.

To, mu ma ba mu zauna haka ba. Yaƙinmu kullum shi ne kada shayin nan ya huce. Mun tura kofin cikin rana da ƙafa, mun roƙi Inna ta ƙara masa wuta, ni kuma na kife masa kwano a kai lokacin da Kawu ya waiga. Bai yi faɗa ba. Sai ya ce tunda Batula ta kawo shawara, gobe a zuba shayi kofi biyu, a rufe ɗaya a bar ɗaya, mu gano dalilin da murfi ke riƙe zafi. Haka mutumin yake, ko ɓarna ka yi sai ya mayar da ita darasi. Yaran maƙwabta suka fara leƙe ta katanga, daga baya suka riƙa shigowa da ƙannensu a goye, har idan ka zo a makare sai ka tsaya a zaure kana jin labari daga bakin na gaba. Wani dattijon maƙwabcinmu ya ja Kawu gefe ya tuna masa cewa zamanin nan ba a son taro. Kawu ya yi masa godiya, ya ce shi dai shayinsa yake sha, yara ne ke son kallo.

Yanzu da nake sakandare, sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ɗinka mana kayan makaranta masu dabbare-dabbare irin na soja, idan muka fito taron safe sai ka rantse za mu je kama Bahri ne, garin da ke ƙetaren kogi. Na tabbata da zai dube ni sama da ƙasa, ya ajiye kofinsa, ya tambaye ni me ya sa hawainiya ke sauya launi, kuma ni daga wa nake ɓuya. Layin burodin da muke tsayawa da safe, wanda wutsiyarsa kan kai kusan kasuwar Suk al-Shabi, da ya sa mun ƙiyasta ko burodin zai kai kanmu tun kafin mu ɓata tsayuwa. Ajinmu kuwa hadda ce daga safe har a tashi, ga mu cunkushe, idan ta bayan aji ta yi atishawa sai ta gaba ta faɗo daga benci. Ban ce malamanmu ba sa ƙoƙari ba. Amma ban taɓa ganin wanda aka yi wa dabara don kada ya tashi darasi ba, sai Kawu.

A gida kuwa tun bayan rasuwarsa la'asar ta zama lokacin shiru. Da an idar da salla Inna takan shige ɗaki ta turo ƙofa, ba ta fitowa sai magariba. Mahaifiyata ta gargaɗe mu kada wanda ya tayar mata da ciwo, muka bi. Sai makon jiya Usman ya dawo daga makaranta da shatin bulala a hannu saboda bai kawo hadda ba. Ya jefar da jakarsa ya ce shi ya gama karatu har abada. Can ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce ya ji ana cewa babansa malami ne, shin shi ma haka yake dukan yara? Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutumin da yara ke hawa katanga don su gan shi, ɗansa na cikinsa yana yi masa kallon mai bulala.

Ranar Alhamis na yanke shawara ba tare da na nemi izinin kowa ba. Bayan la'asar na haɗa shayi na ajiye a ƙasa, na hau angarib na harɗe, na tara Usman da wasu yaran layinmu. Na tuna wani abu da Kawu ya taɓa nuna mana da ƙwai: a sa shi cikin kofin ruwa ya nutse, a yi ta zuba wani farin abu ana motsawa har ya taso sama. Na shiga kicin na ɗauko ƙwai, na ɗauko farin abu na farko da hannuna ya kai gare shi, wato gwangwanin sukarin tamwin, wanda ake raba wa gidaje da awo, wanda a gidanmu ake kallonsa kamar zinariya.

Na zuba cokali, na motsa. Ƙwai na kwance. Na ƙara, na kuma ƙarawa, ina ta yi wa yara bayani da muryar manya, ƙwan nan ko gezau, kamar ya yi rantsuwa a can ƙasa zai tsufa. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Usman ya miƙe ya ɗauki ƙwallonsa, ya ce in dai wannan ne karatun babansa to gara ma haddar. Na shiga kankare gindin gwangwani da cokali. Abin da na manta shi ne, Inna tana iya jin ƙarar gwangwanin nan ko tana Umdurman.

Ƙofa ta buɗe. Tsakar gida ta yi tsit, har akuya ta daina tuƙa. Inna ta dubi kofin shayin da ke ƙasa, ta dubi yaran, ta dubi gwangwaninta da ya koma fanko. Na fara karanto duk addu'ar da na iya.

Ta ce, "Gishiri ne, ke Batula. Gishiri yake sawa."

Ta shiga kicin da kanta ta fito da gishiri da sabon ruwa. Ta kira Usman ta damƙa masa cokalin, ta ce shi zai motsa. Yana motsawa tana zubawa, sai ga ƙwai ya ɗaga daga ƙasa a hankali, ya yi ɗan rangaji, ya taso har ya leƙo da kansa saman ruwa. Yara suka ɓarke da ihu, wani ƙaramin ya ruga gida kiran uwarsa. Usman ya saki baki ya tambayi abin da ya ɗaga shi. Inna ta ce ubansa ma bai gaya mata ba, sai dai ya nemo da kansa.

Daga nan fa bakinta ya buɗe. Ashe duk abin da Kawu ya nuna mana sai da ya fara gwada shi a kicin ɗinta. Ta ba da labarin ƙwan da ya fasa mata, da kofunan da ya tarwatsa, da ranar da ya ƙone rabin gashin bakinsa yana kife gilashi a kan kyandir, ya tafi shago da rabin da ya rage. Tana yi tana dariya, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Usman ya ja gefen mayafinta ya maimaita mata tambayar da ya yi mini.

Ta ce, "Ubanka? Ko kaza ba ya iya kora daga kan tabarma. Tsayawa zai yi yana tambayarta me ta zo nema."

Ruwan sukarin nan dai ba a zubar ba. Inna ta tafasa shi, da shi muka yi ta shan shayi har ya ƙare, kuma duk wanda ya yamutsa fuska sai a nuna masa ni.

Idan na auna abin da Kawu ya bari, ba gida ba ne, ba gona ba, ko hoto mai kyau ba mu da shi. Ya bar wata ɗabi'a ta kasa barin abu ya wuce ba a tambaye shi ba, kuma na ga tana yaɗuwa kamar mura. A 'yan kwanakin nan babu abin da Usman bai tsoma a ruwan gishiri ba: albasa, lemun tsami, carbin Haboba, takalmin Sadik. Bai fara son hadda ba, ba zan yi ƙarya ba, amma da safe yana ɗaukar jakarsa ba tare da an ja shi ba, domin ya ce akwai abin da zai tambayi malaminsu. Inna kuma ta ɓoye ƙwai, amma ba ta sake turo ƙofarta da la'asar ba. Allah ya ji ƙan Kawu Idrisu, ya haskaka kabarinsa.

Jiya ina shara na jiyo Usman a ƙofar gida yana gaya wa yaran layi cewa babansa ne ya koya wa ƙwai iyo. Wani ya ce ƙarya yake yi. Usman bai ko yi fushi ba, ya ce masa in yana musu ya zo bayan la'asar ya tambayi innarsa.