Ranar Da Makamin Koriya Ta Arewa Ya Kora Ni Har Yanbu

Khaibar

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na tashi mota daga ƙofar gidana a Khaibar, inda nake aikin ba da magani a asibiti. Matata ta miƙo min filas ɗin shayi da kwalin dabino, ta ce, "Kada ka dawo min ba Ummi." Ummi ita ce babbar 'yarmu, sunan mahaifiyata ta ci. Tana karatun injiniya a wani gari na arewacin Japan.

Ga yadda abin yake. Hajiya, mahaifiyata, ta zo Umra daga Kano, kuma a ranar da yamma jirginsu zai tashi daga Madina. Shekara bakwai rabonta da takwararta, ga ƙafa ta ƙi, da bakinta ta ce wannan zuwan shi ne na ƙarshe. Mun tsara Ummi ta sauka kwana guda kafin nan. Sai ga shi da safiyar tafiyarta Koriya ta Arewa ta harba makami mai linzami, ya bi ta saman yankinsu ya faɗa teku. Aka tsayar da jiragen ƙasa, jirgin samanta ya tafi ya bar ta. Da ƙyar ta samu wani zuwa Dubai, ta kuma maƙale a can, don duk jiragen Madina cike suke da masu Umra.

Na yi Asuba a wani masallacin gidan mai, na ci gaba. Kilomita kusan ɗari da saba'in ne, hanya fetal sai manyan motocin kaya.

Madina

Bakwai saura kwata na shiga masaukin su Hajiya. Na tarar ta ɗaure kayanta tsaf, tana zaune da carbi.

"Ina takwarata?"

Na yi mata bayani. Ta ce, "Shi mai harbin, yaƙi yake da su?"

"Ba yaƙi ba ne, Hajiya. Gwaji yake, ya nuna wa duniya abin da ya ƙera."

"Ba shi da fili a garinsu ne, sai a kan 'ya'yan mutane?"

Jagoran ayarinsu ya ce min biyar da rabi za su shige ciki, bayan nan ko ni ba zan gan ta ba.

Ƙarfe takwas ina filin jirgi. Na nemi Malam Haruna, mutumin Damagaram, wanda ya shekara ashirin yana aikin kaya a wurin, kowa ya san shi ya san kowa. Ya ji labarin, ya ja ni wurin wani mai sayar da tikiti, suka yi ta dannawa suna Larabci. Madina babu. Jidda sai dare. Can sai Haruna ya buga tebur.

"Dakta, Yanbu fa? Kujera ɗaya ta rage, ɗaya da minti goma zai sauka. Za ka iya?"

Na lissafa a kai: wajen kilomita ɗari biyu da sittin zuwa, haka dawowa. Na ce a yanka.

"To khalas, shi ke nan. Yalla, kama hanya, Hajiya kuma bar ni da ita."

Badar

Tara da kwata na fita. Hanyar Badar duwatsu ne baƙaƙe hagu da dama, ga kyamarorin kama gudu, dole mutum ya riƙe ƙafarsa. Sha ɗaya na tsaya a Badar na cika tanki, na shiga wani ɗan shago na ci tamis, gurasar nan mai faɗi, da ful, wato dafaffen wake, duka riyal bakwai. Mai shagon Bahaushen Sudan ne, Usman. Talabijin ɗinsa na nuna harbin jiya: wuta da hayaƙi, sai wasu sojoji masu manyan huluna suna tafi kamar hannunsu zai cire.

"Ka ga waɗannan?" in ji Usman. "An ce mutanensu ko fita ƙasar ba sa iya yi, abinci ma da ƙyar. Amma kullum sai sun jefa wa kifi ƙarfe."

Na ce masa ai ƙarfen nan ne ya kawo ni shagonsa. Da ya ji yadda aka yi, sai ya naɗe tamis biyu masu zafi ya ce na kai wa yarinya, ya ƙi karɓar ko sisi.

Yanbu

A shingen 'yan sanda kafin gari an duba iƙamata, wato katin zama, aka ɗaga min hannu. Sha biyu da rabi ina filin jirgin Yanbu, ɗan ƙarami, iskar teku na kaɗawa. Na yi Azahar. Jirgi ya sauka a kan lokaci, amma Ummi ba ta fito ba sai biyu da minti biyar, idanu jajir, jaka ɗaya a baya.

"Baba, akwatina bai iso ba."

"Ya same mu a gida. Shiga mota."

A hanya, tana cin tamis, ta ba ni labari, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda 'ya'yanmu na nan suke yi. Ta ce suna cikin jirgin ƙasa sai wayoyin kowa suka ɗau ƙara lokaci guda, wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta ba. Jirgin ya tsaya cak a tsakiyar gonakin shinkafa. Aka ce kowa ya nisanci taga ya sunkuya. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ta kama hannunta ta riƙe gam, ba su san juna ba.

"Ni dai ina ta Hasbunallahu. Wallahi Baba, abin da ya zo min shi ne, shi ke nan ba zan ga Hajiya ba. Da aka ce ya wuce ya faɗa ruwa, sai kowa ya koma kujerarsa, wani ma ya ci gaba da barcinsa. Sun saba. Ni kuwa ban daina Hasbunallahu ba har Tokyo."

Na damƙe sitiyari. Sai a lokacin na gane jiya ban ji tsoro yadda ya kamata ba, hankalina duk yana kan tikiti.

Bayan Badar muka tarar da wata tirela ta lalace ta tare hannu ɗaya. Minti ashirin da biyar muka yi muna jan ciki. Haruna ya bugo: "Kuna ina? An fara layi."

Madina kuma

Biyar da minti ashirin da biyu muka tsaya a ƙofar tashi. Ban ma gyara fakin ba. Ayarin ya riga ya shige duka, saura keken guragu guda a gefen ƙofa, Hajiya na zaune a kai, Haruna na riƙe da shi, yana ta jan wani ma'aikaci da hira. Ashe ya roƙi jagora a bar Hajiya ta zama ta ƙarshe.

Ummi ta ruga ta zube a gabanta. Hajiya, wadda kwana goma sai an ɗaga ta, ta dafa hannun keke ta miƙe da kanta. Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar filin jirgin Madina, har wasu alhazan Indunusiya suka juyo suna dariya.

"Takwara! Ke ce kika zama haka? Kin rame. Ba sa ba ku tuwo a can?"

Ma'aikacin ya duba agogo, ya dube su, ya ce, "Minti goma, ya Hajja." Sai da suka yi ashirin. Hajiya ta tuɓe zoben azurfarta ta sa mata, ta dafa kanta ta yi addu'a mai tsawo, har shi mai harbin ta roƙa masa shiriya. Da Haruna ya tura ta ciki, tana ɗaga hannu tana cewa, "Na gan ta! Ku je, na gan ta!"

Gida

Muka yi Magariba a filin jirgi, muka kama hanyar Khaibar. Ummi ta yi barci tun kafin mu fita gari. Takwas da rabi na yi hon a ƙofar gida, ma'aunin mota ya nuna na ci kilomita ɗari takwas da wani abu tun asuba. Uwarta ta fito ba takalmi.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tsare min 'yata a can, Ya tsare mu a hanya. Malam Haruna da Usman na Badar, Allah Ya saka muku da alheri. Akwatin kuma ya iso bayan kwana huɗu.