Hannun da Mama Edith ke buga tulu da shi

Shekara goma sha huɗu ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Romi. Kafin mutum ya zauna na san abin da ya kawo shi: in ba zazzaɓi ba tari, in ba tari ba ciwon baya ko ciwon kai. Kowa kuma da sunan cutarsa a baki yake shigowa, wai maleriya da taifot, kamar shi ne likitan. Ciwon kai ne ya kawo mana Mama Edith, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

'Yar Zonkwa ce. Ta zo Kaduna amarya lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, mijinta Baba Sylvanus yana cikin ma'aikata. Da aka rufe masaƙa bai sami abin yi ba sai tuƙa keke napep, ita kuwa ta kafa kasko a Sabon Tasha, ƙosai da soyayyar doya, da shi ta ga bayan karatun yara biyar. Cocinmu ɗaya. Shekara talatin ita ke buga tulu a zumuntar mata, in ta sa hannun damanta a bakin tulun nan, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ta miƙe.

Ranar da ta zo, na ɗaura mata abin awon jini, na duba, na sake dubawa. Ɗari da casa'in! Likita ya ce hawan jini ne, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

"Har yaushe, Sista?" ta tambaye ni.

"Kullum, Mama. Kamar wanke baki."

Ta yi tsaki, amma ta sha. Wata takwas ba ta fasa zuwa awo ba. Ciwon kai ya tafi, jini ya sauka, har ta fara tsokanata wai na fi son hannunta a kan ƙosanta.

Sai wata Lahadi ta shigo coci da rawa, da daron doya a ka, mata na biye da ita. Ta karɓi makirfon ta ba da shaida: "Ubangiji ya warkar da ni! Hawan jini ya tafi, ƙwayoyin ma na zuba su a masai!" Coci ta kaure da guɗa. Ina layi na uku. Na san sarai ƙwayar ce ke riƙe da jinin, na san abin da ke biyo baya in aka daina. Amma na tafa. Ni da takardar shaidar aikina rataye a bango, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, don wai wace ce ni da zan watsa wa babbar mace ƙasa a ido a gaban jama'a?

Ba na faɗa da addu'a, ni ma da ita nake fara aiki. Amma wa ya ce Allah bai san hanyar kemis ba?

Sau ɗaya tak na bi ta wurin sana'arta. Na ce, "Mama, ki zo mu ɗan duba bipi ɗin nan mana."

Ta yi dariya, ta ƙunsa mini ƙosai mai zafi. "Haba 'yata, ke ma fa kina wurin. So kike ki mai da ni baya?"

Na karɓi ƙosan, na ci a hanya, na ce wa kaina ai na fita haƙƙinta.

Bayan wata biyar, wata Talata da hantsi, matsami ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin mai, ita kuma ta zube gefen murhu. Aka kawo mana ita, muka tura ta babban asibiti. Ta rayu, amma ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Matan da suka raka ta da guɗa su ne suka cika ɗakinta da kulolin abinci, wannan ta ce jarraba ce, waccan ta ce jifa ne daga 'yan kasuwa masu baƙin ciki. Ko ɗaya ba ta ambaci masai ba. Tulu kuwa an ba wata, ana ta bugawa kamar ba a yi komai ba.

Yanzu Baba Sylvanus ke kawo ta kowane wata. Ya ciccibo ta daga keke ya zaunar, in ba ta ƙwayar da ta ƙi, ta haɗiye ba musu. Rannan haushi ya ci ni, na ja shi waje na sauke masa.

"Baba, kana gida ɗaya da ita! Ba ka ga ciwon kan ya dawo ba? Me ya hana ka kawo ta?"

Ya daɗe yana murza makullin kekensa.

"Na kawo ta, Sista. Sau biyu, har bakin get ɗin nan. In ta leƙo ta ga ke ce a kan aiki, sai ta ce mu juya."

"Don me?"

"Ta ce kin tafa mata. Ba za ta iya ba ki kunya ba."

Na koma ciki. Tana zaune inda na bar ta, ta ɗauko hannun daman da na hagu ta ɗora mini a kan tebur, tana jira in auna.